Kafin a Ɗaura wa Hilux Aksil ɗin Land Cruiser

Daga unguwar Kusugu a cikin birnin Daura zuwa kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi, kwalta ce shimfiɗe, kuma ko wace irin mota za ta kai mutum. Wahalar a-kori-kura tana farawa ne bayan an sauka daga titi, an nufi ƙauyukan Zango, Baure da Sandamu, ko an bi hanyoyin da ke ratsa jigawa ta wajen Kwangwalam da Babban Mutum. Da rani rairayi ne mai haɗiye taya. A watan Agusta kuwa ruwa kan yanke hanya, ya bar kwazazzabo a inda jiya ake wucewa lafiya. Da kaka ana lodin gero, wake da riɗi, da bazara ana kai taki, kuma kusan kullum akwai mutane zaune a saman kayan. Mafi yawan wannan nauyi a kan ƙarfe ɗaya yake sauka, wato aksil na baya.

Dattawa ba su manta da Peugeot 404 da 504 ba, musamman bayan da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Yau Toyota Hilux ce ta gaji aikinsu. An fara ƙera ta a 1968, aka fitar da mai oksilari a 1979, sunanta kuma ya ƙara tashi a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya da ƙananan motocin Toyota a cikin hamada. Wannan suna ya yi wa motar rana, amma ya kuma ja mata zalunci, domin masu ita da yawa sun ɗauka ba ta da iyaka. Alhali abin da masu ƙera ta suka yanka mata bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin direba da yaran mota a ciki.

Yadda abin ke tafiya sananne ne a kowane gareji. Da farko bayan mota ya durƙusa, sai a ƙara mata sifirin biyu ko uku. Ta miƙe tsaye, mai ita ya ji daɗi, ya ƙara buhuna. Bayan 'yan watanni boris ya fara kuka, mai ya fara tsiyaya cikin birki, taya ta fara cinyewa ta gefe guda. A nan ne wani zai kawo shawarar a cire aksil ɗin gaba ɗaya a sa na Land Cruiser, a huta.

Shawarar ba ta banza ba ce. Ga motar da rayuwarta a daji take, akwai hujja mai ƙarfi ta yin hakan, kuma hujjar tana cikin yadda aka gina ƙarafan biyu. A aksil ɗin Hilux, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyin mota, a kan boris guda ɗaya a kowane gefe. Idan boris ɗin ya ƙone ko sandar ta karye, taya na iya zarewa ta fita da gangar birkinta, mota na cikin tafiya. A-kori-kurar Land Cruiser mai lamba 79 kuwa, tayarta na zaune ne a kan boris biyu da ke jikin bututun aksil ɗin kansa. Sandar ciki juyi kawai take yi, ba ta ɗaukar kaya. Ko ta karye taya na nan daram, kuma direba na iya zare sandunan, ya sa oksilari, ya lallaɓa da tayoyin gaba har gari. Babban faifan haƙori na tsakiya ma ya fi girma: inci 8 ne a yawancin Hilux ɗin da ke yawo a nan, inci 9.5 a na Land Cruiser. Wanda ya taɓa ganin mota ta zubar da taya da mutane a bayanta ba zai raina wannan bambanci ba.

Matsalar ita ce yadda ake zaɓen. Sau da yawa da ido ake yi: a dubi kauri, a ƙwanƙwasa, a yi ciniki. Abin da ya fi komai muhimmanci kuwa ba ya ganuwa daga waje, domin lissafin haƙora ne.

A cikin tulun da ke tsakiyar aksil akwai ƙaramin haƙori da ke juya babba. Idan babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, to sai furofela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Toyota ta yi masu 43 da 10, ta yi masu 41 da 9, ta yi masu 39 da 8, wato 4.30, 4.56 da 4.88, kuma daga waje kusan duk kamarsu ɗaya. A motar da baya kawai ke ja, sauya wannan lissafi zai canza ƙarfin tashi, shan mai da abin da agogon gudu ke nunawa, shi ke nan. A mota mai oksilari kuwa dole gaba da baya su zo daidai. A ce gaba 4.10 ne aka sa baya mai 4.56: da zarar an sa oksilari, tayoyin gaba za su riƙa neman juyawa da kusan kashi 11 cikin 100 fiye da na baya. Kamar a ɗaure shanun huɗa biyu ne a karkiya ɗaya, wannan na sauri wancan na jan ƙafa. Abin haɗarin shi ne rairayi na ɓoye laifin, domin tayoyi na samun damar zamewa, mai mota ya ɗauka aiki ya yi kyau. Ranar da aka hau ƙasa mai tauri da oksilari a ciki, akwatin raba giya ko furofela ne zai biya bashin. Gano gaskiyar kuma ba ya cin ko sisi. Toyota na buga lambar aksil a farantin bayanan mota, idan kuma ana shakka, a kwance tulun a ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya kafin kuɗi su bar aljihu.

Sai faɗi. A rairayi ana so tayar baya ta bi sawun da ta gaba ta riga ta danne. Toyota da kanta ta yi tuntuɓe a nan: da ta sa injin V8 a Land Cruiser 79 a 2007, ta faɗaɗa gaba ta bar baya yadda yake, bambancin ya kai kusan santimita 10, har direbobin Ostireliya suka yi ta ƙorafin cewa bayan motar na wutsil-wutsil a cikin yashi. Idan masu kamfani sun gamu da wannan, bakaniken da ba shi da ko tef na awo ya kamata ya yi hattara. Kusoshin taya ma haka: Hilux mai oksilari shida gare ta, Land Cruiser 79 kuwa biyar. Wanda bai duba ba zai wayi gari yana yawo da safaya iri biyu a daji, ko kuma, abin da ya fi faruwa, da safaya ɗaya da ba ta shiga rabin motar.

Birki ne wurin da aka fi yin sakaci, kuma shi ne mai kisa. Tsofaffin Hilux suna da wani ɗan bawul a baya, haɗe da aksil ta wani siririn ƙarfe, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi, ya rage idan mota ba kaya. Idan aka sauya aksil aka bar ƙarfen nan yana reto, ko aka ɗaure shi da waya, to ko birkin baya ya riƙa kamewa motar ta juya, ko ya zama ba ya kamawa sam a ranar da aka fi bukatarsa. Sababbin motocin kuma suna da na'urar hana birki kamewa mai karanta juyin kowace taya, kuma aksil ɗin da ba shi da mazaunin wayarta ya kashe ta ke nan. Haka nan kujerun sifirin da sai an yanke an sake waldawa: idan mai walda ya karkata su ko kaɗan, bakin aksil ba zai dubi furofela daidai ba, mota ta riƙa karkarwa tana cin kuros. Idan ya zafafa wuta a wuri ɗaya, bututun na iya lanƙwasa tun bai ga buhu ko ɗaya ba.

Girma kuma yana da farashinsa. Babban tulu ya fi sauka ƙasa, shi ne zai fara kartar tudun yashin da ke tsakiyar hanya. Ƙarfen ya fi nauyi, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane kilo da mota ke ja ana jin sa a gidan mai. A Amurka masu wasan hawan duwatsu na rububin Dana 60 da aksil ɗin Ford mai inci 9, amma su a gefen gidansu ake sayar da kayan gyaran. A nan tambayar da ta dace ita ce ko za a samu boris da oyil-sil ɗinsa a Daura, ko sai an bi ta Kazaure an je Ƙofar Ruwa a Kano, mota na kwance kwana da kwanaki a tsakiyar kaka. Mai sayen aksil na Kwatano ya kamata ya nace a buɗe masa ya ga haƙora, ya duba man ko ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga, a kuma ja zare a tabbatar bututun a miƙe yake.

Duk da haka, babbar maganar ba ta ƙarfe ba ce. Mafi yawan masu neman aksil mai ƙarfi ba don hanya ta fi ƙarfin na asali suke nema ba, don su ɗora buhu 20 a inda aka ce 10 ne. Ba wanda zai ce direba ba shi da uzuri: mai ya yi tsada, kayan gyara sun bi dala, mai mota na jiran balas, manomi kuma ba zai biya sawu biyu ba. Amma aksil ba ya sauya sauran motar. Tayar da aka rubuta wa 110 a gefenta kilo 1,060 take ɗauka, biyun baya ke nan kilo 2,120, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Shasi na nan yadda yake, shi ya sa ake ganin Hilux ta gantsare a tsakanin kai da bodi. Birkin gaba, wanda shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, bai ƙaru da komai ba. A da, kukan boris ne ke gargaɗin mai mota cewa ya wuce gona da iri. Idan aka kawar da wannan gargaɗi, abin da zai fara sallamawa shi ne taya ko birki, a kan titi, da gudu, da mata da yara a saman buhuna. Wannan ne ya sa bai kamata bakanike mai tsoron Allah ya karɓi aikin ba sai ya tambayi mai motar abin da yake shirin ɗorawa.

Motoci da yawa ma ba sauyi suke bukata ba, kulawa suke nema. A saman kowane aksil akwai ɗan hancin shaƙar iska. Idan laka ta toshe shi, zafi kan tura mai ya fita ta oyil-sil. Idan kuma aka tsunduma aksil mai zafi cikin rafi, sai ya zuƙi ruwa. Ɗan tiyo da za a ja daga hancin zuwa saman shasi, da sauya mai bayan damina, da rage iskar taya kafin shiga rairayi maimakon a yi ta banka wuta har sanda ta murɗe, sun ceci aksil da yawa da aka kusa yanke wa hukunci.

Daura na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a gari guda. Daidai ne hankalinsu ya karkata ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa masarautar Daura, amma jirgin ƙasa ba zai shiga gona ya ɗauko gero ba, a-kori-kura ce za ta kai shi tasha. Gajeren horo da Hausa ga kanikawa da masu walda na ƙananan hukumomin masarautar biyar, a kan ƙirga haƙora, auna faɗi da saita birki, abu ne da makarantun biyu za su iya shiryawa tare da ƙungiyar kanikawa da ta direbobi kafin kaka mai zuwa. Jami'an kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci su ma suna da rawar takawa: su riƙa sunkuyawa suna duba ƙarƙashin motar da aka sauya wa aksil, su ga ko bawul ɗin birkin baya na haɗe.