Faifan lissafi: a rubuta shi yadda inna za ta gani



Yau zancen faifan lissafi zan yi muku, wato zanen nan mai da'ira da kwamfuta ke rabawa yanki-yanki, kowane kuɗi da yankinsa. Masu faransanci camembert suke ce masa, sunan wani cukunsu ne. Mu dai faifai muka sa masa.

Ana gobe rabo, ɗiyata ta zana mana shi a Excel don a nuna inda kuɗin ƙungiya suke. A kwamfuta ya yi kyau, launi har bakwai. Da aka fiddo shi a takarda baƙi da fari, sai ja da kore suka koma toka ɗaya. Sunayen kuma an tara su can gefe, ƙanana kamar riɗi. Wata inna da ta daɗe tana zubi tare da mu ta juya takardar, ta sake juyawa, ta ce: "Ni dai ban ga kuɗina ba. Wanne na bashi, wanne na akwati?" Wuri ya yi tsit. Da dare ma'ajiyarmu ta zo gidana ta ce a karɓi akwatin, ita ba ta iya zama ana kallonta. Alhali ko dala ba ta ɓata ba. Da ƙyar na lallashe ta.

Ga gyaran da muka yi, ku faɗa wa mai buga muku.

Na farko, kowane suna ya zauna kusa da yankinsa. A danna faifan da hannun dama na linzami, a zaɓi Ajouter des étiquettes de données. Sannan a cikin gyaran rubutun a sa alama ga Nom de catégorie da Valeur, a zaɓi Bord extérieur don rubutun ya fito bakin faifai, kan farar takarda. Jerin sunayen nan na gefe, Légende, a share shi.

Na biyu, yanki kada ya wuce 5. Mu mun bar bashin da ke hannun mata, geron da muka ajiye, abin da ke akwati, da asusun taimako. Littafi da biro da fotokofi muka haɗa su, muka kira su "ƙananan kashi", bayaninsu yana ƙasa.

Na uku, a ƙara girman rubutu, 16 ko 18, baƙi mai kauri. Yankunan da ke maƙwabtaka kuma, ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi haske, don ko launi ya tafi a bambance su.

Na huɗu, a rubuta kuɗi yadda muke ƙirga su. Ba wadda ke zuwa kasuwa da kashi 40 cikin ɗari. A rubuta "jika 40", kowa ta gane. Ku kuma kula da ƙananan kuɗi: 500 F a takarda, a bakinmu ɗari ce, tunda da dala muke lissafi.

In an gama, kada a yi saurin buga da yawa. A fidda guda, a liƙa a bango, a tsayar da wadda ta fi kowa shekaru taku uku daga nan. In ta nuna yankin bashi da yatsa ba tare da an taya ta ba, ya yi. In ta matse ido, a koma.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, a kan tabarma ake ƙirga kuɗi, a gaban kowa. Takardar kwamfuta ma haka ya kamata ta zama. Da muka kawo sabon faifan, inna ta ɗora yatsa kan yankin gero ta ce: "Yawwa, ga buhunanmu nan." Akwati kuwa yana nan hannun ma'ajiyarmu.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a zubinmu.