A auna jirgi kafin a yi cinikin mota



A Amurka akwai ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa da kamun kifi fiye da miliyan 11 masu rajista, jihar Florida kaɗai tana da kusan miliyan 1. Da yawansu ba a ruwa suke kwana ba. A gida ake ajiye su bisa tirela, ranar hutu a ɗaura wa mota a ja zuwa tafki ko bakin teku. Don haka zaɓen a-kori-kurar da za ta yi wannan aiki ba ƙaramar magana ba ce a can, kuma ta shafi 'yan'uwanmu mazauna ƙasar, da masu sayo irin motocin nan su turo gida ta Legas ko Kwatano. Abin da ke damuna shi ne, masu saye da dama da lambar talla suke fara lissafi, alhali kuwa wajen sikeli ya kamata mutum ya fara zuwa.

Motocin da ake magana a kansu sanannu ne: Ford na da F-250 da F-350 da F-450, Ram na da 2500 da 3500, sai Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu lamba 2500HD da 3500HD. A 2023 Ford ya yi shelar cewa F-450 na iya jan nauyin da ya haura tan 18. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai wannan adadi na tirelar da ake saƙala wuyanta a tsakiyar bodin mota ne, daidai saman tayoyin baya. Tirelar jirgi kuwa a ƙugiyar da ke ƙarƙashin bamba ake ɗaura ta, kuma abin da wannan ƙugiya ke ɗauka bai kai haka ba.

A da kowane kamfani da ma'auninsa yake fitar da lambarsa. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara gwaji guda mai suna J2807, wanda Toyota ya fara bi, sauran manyan kamfanonin suka shigo wajen 2015. Gwaji ne mai tsanani. Ana ɗaura wa mota cikakken lodi ta hau tudun da ya tashi daga kusa da madatsar ruwan Davis a jihar Arizona, tafiyar kilomita 18 ana hawa, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki na aiki iya ƙarfinta, kuma ba a yarda inji ya tafasa ko fitilar gargaɗi ta kama ba. Wannan ya sa lambobin yanzu suka fi na da gaskiya, kuma abin a yaba ne. To amma mutum biyu kacal ake lissafawa cikin motar gwajin, kowanne kilo 68. Kai kuwa da iyalinka za ka fita, da kulolin abinci, da ƙanƙara, da kayan kamun kifi. Duk kilo ɗaya da ka ƙara, daga waccan lambar ake cire shi.

Mu ɗauki misali. A ce takardar jirginka mai tsawon mita 9 ta ce nauyinsa kilo 3,500. Nauyin ƙwarangwal ke nan, babu mai babu ruwa, sau da yawa ma ba a haɗa da injinan da ake rataya masa a baya ba. Inji biyu masu ƙarfin doki 300 kowanne za su ƙara kimanin kilo 500. Tankin lita 800 in ya cika da fetur, kilo 600 ne. Batura da anka da ruwan sha da sauran tarkace, sa kilo 400. Ita kanta tirelar mai taya shida, kusan kilo 900. Jirgin da ka ɗauka tan uku da rabi ne, ga shi ya doshi tan 6. A nan ne mai ƙaramar a-kori-kura irin F-150 ko Ram 1500 zai gane cewa yana bakin iyaka, ko ma ya wuce ta bai sani ba.

Akwai kuma lambar da dillali ba ya son a tambaya, ita ce nauyin da motar ke iya ɗauka a jikinta. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, za ka ga 'yar takarda manne. Ita ke faɗin gaskiyar wannan motar da ke gabanka, da duk kujerun fata da kayan alatun da aka lafta mata. Wuyan tirelar jirgi yakan danna ƙugiya da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na jimillar lodi, wato a misalinmu wajen kilo 400. Haɗa da mutum biyar da kayansu. In aka wuce abin da takardar ta ce, bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. In kuma aka tura jirgi baya don a rage wa ƙugiya nauyi, tirela ta fara wutsil-wutsil a kan titi da zarar babbar mota ta gifta ko iska ta kaɗa, kuma irin wannan lilon ne ke kifar da mutane.

Mu a nan mun saba da cewa in dai mota ta tashi da kaya, to ta iya. Wannan tunani ya ci rayuka a hanyoyinmu, kuma a aikin jan jirgi ya fi haɗari, domin tayar da tan 6 abu ne mai sauƙi ga inji na zamani. Tsayar da shi a gangare shi ne aiki. Yawancin tirelolin jirgi birkinsu na kama kansa ne idan tirela ta tunkuɗo mota daga baya. Ga jirgi mai nauyi, birkin da ake sarrafawa da lantarki daga cikin mota, ya matsa man birki, ya fi aminci, tunda direba na iya taka wa tirela birki ita kaɗai in ta fara lilo. Manyan motocin dizal kuma suna da birkin salansa, wanda ke riƙe mota a doguwar gangara ba tare da an ƙona birkin taya ba.

Sai wurin sauke jirgi. Gangaren siminti ne da ya nutse cikin ruwa, gansakuka ta lulluɓe shi, santsi kamar an zuba karkashi. Tayoyin baya suna cikin ruwa, jirgi jiƙe yana ja baya, ga layin mutane suna jira. Motar da tayoyin baya kaɗai ke ja tana iya tsayawa nan tana juya taya a banza. A ganina duk mai babban jirgi kada ya yi cinikin motar da ba fowil ba.

Dizal ko fetur? Injinan Power Stroke na Ford, da Cummins na Ram, da Duramax na Chevrolet da GMC, ba su da na biyu wajen ja a tudu da tsimin mai. Amma sukan ƙara kimanin dala 10,000 a kan farashi, kuma sun fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo, nauyin da ke cin rabon kayan da motar za ta ɗauka. Shi ya sa mai son dizal gara ya tsallake F-250 ko 2500 ya ɗauki F-350 ko 3500 mai taya ɗaiɗai a baya, tunda bambancin kuɗinsu ba shi da yawa. Wanda tafkinsa ke kusa da gida, ba tudu a hanya, injin fetur mai lita 7.3 na Ford ko 6.6 na Chevrolet ya ishe shi.

Mai niyyar turo irin motar nan gida ya ƙara hattara. Tun 2006 Amurka ta koma dizal mai ƙarancin farar wuta, kuma don shi aka ƙera injinan. Suna da matatar hayaƙi a salansa, suna kuma shan wani ruwa na musamman da ake kira DEF, wanda in ya ƙare kwamfutar mota ta rage mata gudu. Man da bai da tsabta yana toshe matatar, gyaranta kuma ba kowane bakanike ba. In ta gwanjo ce, a leƙa ƙarƙashinta. Motar jihohin arewa irin su Michigan da Ohio gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yakan cinye shasinta, wadda ta yi aikin bakin teku tsatsa na farawa daga bayanta, akwai kuma waɗanda ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Harvey a Texas a 2017, aka wanke aka kai kasuwa. Ita kuwa Hilux ɗinmu ta amana, iyakar jan mafi ƙarfinta kilo 3,500 ne, shi ma sai tirela na da birki. Kada a ɗora mata abin da ya fi haka.

Shawarata ga mai saye: ka cika tankin jirginka, ka loda duk abin da kake fita da shi, ka kai shi sikelin manyan motoci, irin na CAT da ke gidajen man kan babbar hanya, a ba ka takardar nauyi. Da wannan takarda za ka je wurin dillali, ka nemi motar da ta zarce adadin da aƙalla kashi 20 cikin 100. In ya ƙi buɗe maka ƙofar direba ka karanta, nemi wani dillalin.

Allah ya kiyaye hanya. A huta lafiya.