RA'AYINMU: Wayar Wuta Amana Ce

Har yau 'yan kasuwar Sabon Gari ba su manta da gobarar watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban shaguna. Kantin Kwari da ke Fagge ma ta sha ganin irin wannan musiba. Kullum sai mu yi jaje, mu koma gidan jiya.

Ɗan uwa, leƙa shagonka ka duba. Soket guda, an cusa masa firiji da fanka da dutsen guga, ga waya siririya, babu wayar ƙasa. Waya in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robarta ta narke, sai tartsatsi.

Doka kuwa tana nan. A 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta, aka kuma kafa NEMSA domin duba aiki da tantance masu yin sa. Layin fitilu daban, na soket daban, kowanne da makatsarsa.

Mai shago, araha ba ta ado. Mai haɗa wuta, ka ji tsoron Allah. Hukuma, ku shigo kasuwa tun kafin hayaƙi ya tashi, domin wuta ba ta san iyakar shagon maƙwabci ba.

Allah Ya kiyaye.