Mai ƙidaya ba ɗan bin ƙwaƙƙwafi ba ne



Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, ba a haifi ko ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ba. An shirya wata a 2023, aka ɗage. Duk ranar da aka tashi yi, ma'aikacin Hukumar Ƙidaya zai tambayi shekarun kowa, kuma namiji ne ko mace. Wasu suna cewa wannan shisshigi ne, a ƙirga kawuna a wuce. Ni dai ban yarda ba, kuma ɗan Dareta ya fi kowa sanin dalili.

A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. Manya ne suke niƙa, amma ƙanana ne suka fi mutuwa, domin su ke rarrafe cikin ƙura suna kai hannu baki. Masu bincike sun bi gida gida a nan Dareta da 'Yargalma ta Bukkuyum suna tambayar shekarun kowane yaro, mai rai da wanda ya rasu. Sai suka gano kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Da jimillar mutanen gari kawai aka duba, da girman abin bai fito haka ba. Likitocin MSF ma ƙananan suka sa gaba wajen ba da magani.

Batun mace ko namiji kuwa, ku ƙirga 'yan matan aji ɗaya, ku ƙirga na aji uku. In ba a san yawan 'yan matan gari ba, ina za a san nawa ke zaune gida?

Matsalar a gidajenmu take. Wata uwa tana kunyar ambaton ɗan fari. Wani ya tsallake jariri, wai bai isa ƙirge ba, alhali shi ke buƙatar rigakafi. Da yawa ba mu da takardar haihuwa, shekarunmu kintace ne. Yau in kun koma gida ku tambayi Inna shekarar da aka haifi kowane yaro. In ta manta, ku ce: kafin a kwashe ƙasar gidaje mai guba ne, ko bayan nan? Ku rubuta amsar a bayan littafi ku ajiye.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare