Kada Mu Bar Gindin Shuka Tsirara

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero ko Maiyama bayan girbi zai ga hayaƙi yana tashi daga gonaki, ana ƙone kara da tattakar shinkafa. A bayan injinan casa kuma ga tsibin buntu ya yi tudu, ba mai waiwayarsa. A daidai wannan lokaci ne kuma mai lambu ke kukan tsadar man injin ban-ruwa. Ra'ayina shi ne, abin da muke ƙonewa shi ne maganin abin da muke kuka da shi, muddin mun san wanda ya dace da kowace shuka.

A watannin Maris da Afrilu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasar da take tsirara tana ɗaukar zafin rana kai tsaye, ruwan da aka zuba da safe ya tashi ya bi iska kafin azahar. Idan aka lulluɓe ta da tarkacen tsirrai, rana ba ta taɓa ta, danshi ya daɗe, ciyawa ta kasa samun hasken tsira. Daga baya lulluɓin ya ruɓe ya zama taki. Sai dai kowane allazi da nasa amanu.

Buntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba, kuma yana da sinadarin silika da yawa, shi ya sa yake jinkirin ruɓewa. Ya dace da gindin mangwaro da gwaiba da furannin harabar makaranta. Amma a shimfiɗa shi a sama kawai. Idan aka cakuɗa ɗanyen buntu ko garin katako cikin ƙasa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sukan kwashe naitirojin ɗin da shuka ke buƙata, sai ganye ya yi ɗorawa.

Tattakar shinkafa ba ta da nauyi, iska na ratsa ta. Ita ce ta dace da fangalin da aka yafa irin albasa, abin da manoman Aliero suka fi kowa sani. Da zarar iri ya tsiro sai a ɗage ta, domin tsiron da ya rasa haske yakan yi tsawo marar ƙwari.

Karan dawa da na gero suna jawo gara, wannan gaskiya ne. Amma gara ba abokiyar gaba ba ce a ko'ina. A Burkina Faso, Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga. Ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Saboda haka kara ya dace da fako da manyan itatuwa, amma a nisanta shi da ƙaramin dashe. Ita kuwa baƙar leda, a bazararmu tana ƙara wa ƙasa zafi, ba ta kuma ruɓewa.

Wani zai ce kara abincin dabbobi ne, da shi ake danni, da shi ake girki. Haka ne. Ban ce a hana tumaki harawa ba. Ina magana ne a kan abin da ake cinna wa wuta, da busasshen ganyen dogonyaro da ake sharewa kowace safiya a makarantunmu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kaurin lulluɓi ya kai santimita 5 zuwa 8, a kuma bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da jikin itace, don kada danshi ya ruɓar da ɓawo.

Malamai, ku sa ɗalibanku su gwada. A cika tukwane biyu da ƙasa iri ɗaya, a zuba ruwa daidai, a rufe ɗaya da buntu, a ajiye su a rana. A riƙa auna nauyinsu kowace yamma har mako guda. Ɗalibin da ya rubuta sakamakon da hannunsa, shi zai fi ni iya shawo kan mahaifinsa ya ajiye ashana.