Zuba jari a kamfanonin fibir optik: darasin shekarar 2000 bai tsufa ba

Kamfanonin da ke ƙera fibir optik, wato zaren gilashin nan mai kaurin gashin kai da ke ɗaukar bayanan intanet ta hanyar haske, sun sake jan hankalin masu zuba jari a duniya. Dalili shi ne manyan rumbunan adana bayanai da ake ginawa domin fasahar ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke cin wannan zare fiye da kima. A watan Agustan 2024, kamfanin sadarwa na Lumen a Amurka ya ƙulla yarjejeniya da Corning, inda ya kama kashi 10 cikin 100 na duk fibir ɗin da Corning zai ƙera a cikin shekaru biyu.

Corning ne ya fara samar da fibir mai iya kai saƙo nesa a 1970, kuma har yau yana sahun gaba tare da Prysmian na Italiya, YOFC na Sin da Fujikura na Japan. Buƙatar kayansu gaskiya ce, ko a nan gida muna ganin ta: aikin shimfiɗa fibir ta hamadar Sahara, da Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya haɗa da layukan Arlit zuwa Assamaka da Damagaram zuwa Magariya.

Sai dai buƙatar kaya daban, ribar mai hannun jari daban. A ƙarshen shekarun 1990 ma an yi irin wannan rububi, aka binne fibir fiye da yadda kasuwa ke buƙata. Hannun jarin Corning da ya haura dala 100 a shekarar 2000 ya faɗo ƙasa da dala 2 a 2002. A wannan shekarar ce Global Crossing da WorldCom suka durƙushe. Zaren da suka shimfiɗa ya yi wa duniya amfani daga baya, amma waɗanda suka saye hannun jari lokacin da farashi ke sama su suka kwana ciki.

Ga ɗan Nijar mazaunin Faransa ko Amurka, sayen hannun jarin waɗannan kamfanoni ta hannun dillali mai lasisi abu ne mai yiwuwa. Mai lissafi da sefa kuwa ya tuna cewa kuɗinmu a ɗaure yake da yuro, don haka faɗuwar dala kaɗai na iya cinye ribarsa.

Ga wanda ke Maradi, Tawa ko Yamai, hanyar da ta fi kusa ita ce kasuwar BRVM ta Abijan. Babu mai ƙera fibir a cikinta, amma akwai masu shimfiɗa ta suna sayar da intanet, irin su Sonatel, Orange Côte d'Ivoire da Onatel na Burkina Faso. Ana saye ne ta hannun kamfanonin dillanci na SGI da hukumar AMF-UMOA ta amince da su.

Duk wanda ya aiko maka saƙo ta WhatsApp cewa ka tura jika hamsin ka riƙa karɓar riba kowane mako da sunan fibir, ka tambaye shi lasisinsa tukuna. Hannun jari na gaskiya ba ya alƙawarin riba. Kuma kuɗin cefane ko na makarantar yara ba su ne na gwaji ba.