Mai digirin kimiyya da ƙofar zama ƙwararren akanta

Tambaya ce da ba ta gajiya da dawowa a bakin matasanmu na zango, musamman waɗanda suka gama hidimar ƙasa suka koma gida da digiri a kimiyyar sinadarai ko ta halittu ko lissafi, aiki kuma shiru: shin wanda bai taɓa zama ajin kasuwanci ba zai iya shiga horon zama ƙwararren akanta? Zai iya, kuma ba alfarma aka yi masa ba. Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Ghana, wato ICAG, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1963 aka kuma sabunta mata doka a 2020, tana rajistar mai digiri daga jami'ar da hukuma ta amince da ita, ko da wane fanni ya karanta. Haka takwararta ta Nijeriya, ICAN, da aka kafa a 1965. Ita kuwa ACCA ta Ingila, wadda ake rubuta jarrabawarta a ƙasashenmu, ba ta ma gindaya digiri a matsayin sharaɗin shiga ba.

To me ya sa ake ta shakka? Tun daga sakandare ake raba yara, wannan kimiyya, wancan kasuwanci, sai iyaye da ɗalibai suka ɗauki rabon kamar titin jirgin ƙasa, wanda ya hau ba ya kauce wa sai tasha. Daga nan ne wata shawara ta samo tushe, wadda ake bai wa matasa da kyakkyawar niyya: koma jami'a ka yi digiri na biyu a fannin akanta. A ganina wannan shawara asara ce ta shekaru da kuɗi. Digirin akanta ba ya mai da kowa ƙwararren akanta. Iyakar abin da yake saya wa mai shi shi ne a yafe masa wasu takardun jarrabawa na farko, yafewar ma sai ya biya kuɗinta.

Bari mu duba lissafin. Jarrabawar ICAG mataki uku ce, takardu 14: huɗu a matakin farko, shida a na biyu, huɗu a na ƙarshe. Mai digirin kimiyya zai fara daga tushe, ya rubuta huɗun farko, wato tushen lissafin kuɗi, da tafiyar da kasuwanci, da dokar kasuwanci da ta kamfanoni, da gabatarwa ga lissafin gudanarwa. Ɗalibi mai himma yana iya kammala su cikin shekara guda. Ina hikimar kashe shekaru uku ko huɗu a jami'a domin guje wa aikin shekara ɗaya? Ƙari a kan haka, ban ɗauki rashin yafewar a matsayin naƙasu ba. Wanda aka yafe wa yana shiga mataki na biyu ne da abin da ya rage a kansa na laccar da ya ji shekaru uku da suka wuce, alhali wanda ya rubuta huɗun nan yana shiga da ilimi ɗanye, ya kuma riga ya san halin masu tsara tambayoyin cibiyar.

Sai dai akwai wani ruɗi da ke jiran ɗan kimiyya a bakin ƙofa, shi ne zaton cewa aikin akanta lissafi ne, tunda kuwa ya ci lissafin jami'a, sauran wasa ne. Gaskiya ne cewa wanda ya fara buga bayanin tsarin shigar da kowace ma'amala sau biyu a littafin asusu masanin lissafi ne, Luca Pacioli, a birnin Venice a 1494. Amma lissafin da ke cikin yawancin takardun nan bai wuce tarawa da ɗebewa da kaso cikin ɗari ba. In ka cire takardar sarrafa kuɗi, inda ake auna darajar kuɗin gobe a yau, da wuya ka gamu da abin da zai sa ɗalibin fiziks gumi. Wahalar tana wani wuri dabam.

Tana cikin doka da farko. Dole ka san dokar kamfanoni ta 2019, da dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 tare da gyare-gyaren da ake yi mata kusan kowace shekara, da dokar sarrafa kuɗin gwamnati ta 2016, ga ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da Ghana ta runguma tun 2007. Waɗannan ba a gano su da tunani kamar yadda ake warware matsalar lissafi. Karanta su ake yi, a sake karantawa, a riƙe togaciyarsu. Tana kuma cikin rubutu. Wanda ya saba amsa tambaya da layi uku na alamomi zai tarar ana so ya rubuta wa shugabannin kamfani shawara mai shafi biyu, a fili, ba kwana-kwana, cikin ƙayyadadden lokaci.

Mafi girma kuwa tana cikin hukunci. A ce wani kamfanin sufuri a Kumasi ya sayi babbar mota a kan sidi 600,000. In aka ƙaddara za ta yi aiki shekara biyar, za a riƙa cire 120,000 kowace shekara a matsayin raguwar darajarta. In aka ce shekara takwas, 75,000 ke nan. Rabawar ko ɗan firamare zai yi ta. Amma tsakanin amsoshin biyu akwai sidi 45,000 na riba a kowace shekara, kuma mai kamfanin da ke neman rance a banki ya san wadda yake so. Wa zai ce biyar ne ko takwas? Akanta ne, bayan ya duba irin hanyar da motar ke bi, da nauyin da take ɗauka, da tarihin motocin da suka gabace ta, sannan ya tsaya a kan maganarsa ko da ran maigidansa zai ɓaci. Jarrabawar matakin ƙarshe cike take da irin wannan, inda amsa biyu za su iya zama daidai, maki kuma yana ga wanda ya fi kafa hujja.

A nan ne, ba a wajen lissafi ba, nake ganin ɗan kimiyya yake da jari na gaske. Wanda ya yi shekara huɗu a ɗakin gwaji an hore shi kada ya rubuta abin da bai auna ba, ya ajiye bayanin kowane mataki yadda wani zai iya maimaitawa, ya kuma yi zargin sakamakon da ya cika kyau. Aikin odita ke nan ba ragi. Mai digirin ƙididdiga ma ya riga ya san yadda ake zaɓar samfurin rasit ɗari daga cikin dubu goma a yanke hukunci a kan sauran. Kuma kamfanin haƙar zinariya a Obuasi ko Tarkwa, ko masana'antar magani, ba za su ƙi akantan da ya fahimci abin da ke faruwa a cikin injin da yake ƙididdige tsadarsa ba.

Abin da ya fi cancanta a damu da shi, wanda kuma ba a cika tambaya a kansa ba, shi ne horon aiki. Cin takardu 14 ba ya sa a rubuta sunanka a cikin mambobi. Sai ka haɗa da shekara uku na aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. ICAN da ACCA ma wata 36 suke nema. Ɗalibin kasuwanci ya riga ya leƙa ofisoshi lokacin hutu, yana da abokan aji a ciki. Ɗan kimiyya ba shi da wannan, in kuma ya fito daga gidan da babu wanda ya taɓa aikin ofis, nisan ya ninka. Saboda haka neman wurin horo ya kamata ya fara tare da rajista, kada a bari sai an gama jarrabawa. Wanda bai tafi hidimar ƙasa ba tukuna ya yi ƙoƙari a tura shi sashen kuɗi na wata ma'aikata. Wanda ya gama ya karɓi ƙaramin aiki a ƙaramin ofishin odita ko da albashin bai taka kara ya karya ba, muddin akwai mamban cibiya da zai sa hannu a kan abin da ya koya. Takardu biyu ko uku da ka riga ka ci su ne za su yi maka magana a gaban mai ɗaukar aiki, fiye da digirinka.

Masu karatunmu na Nijar da Kamaru da Chadi nasu tsarin ya sha bamban, domin ƙasashensu suna cikin OHADA, asusun kamfanoni kuma ana tsara shi ne bisa SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi can ita ce ta Faransa mai hawa uku, DCG da DSCG da DEC. Ta farko mai bakaloriya ma yana iya shigarta, ta biyu a buɗe take ga mai digiri na biyu a kowane fanni, ta uku kuma tana zuwa ne bayan horon aiki na shekara uku. Ƙofar dai a buɗe take can ma, sai dai mutum ya fara yanke shawarar ƙasar da zai yi aiki kafin ya zaɓi jarrabawa, domin sa hannu a kan asusun kamfani haƙƙin wanda ke cikin rajistar ƙungiyar akantocin ƙasar ne.

Duk da haka ba kowa zan tura wannan hanya ba. Wanda zaman banza kawai ya kora, ba ya kuma iya haƙurin karanta sashen doka sau uku, zai biya kuɗin rajista da na littattafai ya tsaya a tsakiyar mataki na biyu, ba tsuntsu ba tarko. Akwai gwaji mai arha kafin a kashe ko sisi. ICAG tana sanya tsofaffin tambayoyinta da rahoton masu duba jarrabawa a shafinta na intanet. Ka sauke na tushen lissafin kuɗi da na doka, ka ba su awa biyu kowane dare har mako shida, sannan ka zauna ka amsa takarda guda da agogo a gabanka.